Awa Ɗaya Da Minti Goma

Jama'a, ku dakata da yi min Allah ya sanya alheri tukuna, ku gyara zama ku ji abin da na aikata. Na ga saƙonninku, har da masu tambayar wace kala na zaɓa wa labule. Saura sati uku aurena, amma wallahi tun ranar Laraba abinci bai zauna min a ciki ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da tara, injiniyar lantarki ce, amma ba irin masu hawa falwaya ba. Aikina duba lafiyar wuta. Umma har gobe ba ta gane ba. In ƙawayenta suka tambaye ta sai ta ce, "Wai awo take yi wa wuta, sai ka ce mai ciki."

To kusan hakan ne. Wutar da ke shigowa gidanku ba a miƙe take zuwa ba, hawa take tana sauka, sau hamsin cikin daƙiƙa ɗaya. In lafiyarta ƙalau, zanenta a kwamfuta sumul yake fita. In wani abu ya taɓa ta sai ka ga ta lotsa ko ta yi ƙaya-ƙaya. Akwai wani akwati ruwan toka da muke maƙalawa kusa da mita, ya wuni ya kwana yana naɗar duk motsinta, da lokacin da ta yi shi. Ni kuma in zauna in bi abin da ya naɗa da lissafi, in warware shi zare-zare kamar mai tsifar kitso, har in ga wanne ne na asali, wanne ne baƙo. Kowane inji da irin sawun da yake bari, kuma ana biyana ne don in faɗi mai sawun.

Wata guda da ya wuce Oga ya tura ni wani ƙaramin asibiti da ake wankin ƙoda. Gadaje shida ne, injina shida. Kusan kullum da safe sai wuta ta yi wani nutso na ƴan daƙiƙoƙi, injinan su ɗauki kuka su tsaya, alhali jinin mutum yana waje cikin roba. Babbar nas ɗin wurin, Sista muke ce mata, wata gajeruwa mai tabarau da igiya, ita ta nuna min wata mata da sai da aka zubar da jinin da ya daskare a robar aka sake mata sabuwa.

"Ƙarfe nawa abin ke faruwa?" na tambaye ta.

"Wajen bakwai dai. Lokacin ina da hannun duba agogo ne?"

Na maƙala akwatina na tafi. Bayan sati biyu na ɗauko, na tsefe. Ga nutson nan ɓaro-ɓaro, kusan kullum sau ɗaya: takwas da minti biyar, takwas da sha huɗu, takwas saura uku. Na ce a raina, Sista bakwai ta ce, amma mutum yana mantuwa, na'ura ba ta yi. Ku riƙe min wannan girman kan, shi ya kai ni inda nake.

Masu manyan injina biyu ne a kan taransifomar asibitin. Na farko wani tsoho mai walda a bakin layi, da rumfarsa ta kwano, wanda ke buɗewa ƙarfe takwas. Na biyu masana'antar ƙanƙara ce a bayan layi. Mai ita kuwa shi ne wanda kuka sani, wanda gidanmu kaf ke kira Mai Ƙanƙara, wanda zan aura.

Ban faɗa wa Oga wannan ba. Na ce ai lissafi ba ruwansa da soyayya. Kuma da na ga takwas sai na ji wani sanyi har ƙafata, don na san shi tun wajen bakwai yake tada babban injinsa, wanda ya sa wa suna Giwa, kuma injin da ya riga ya tashi ba ya jan wuta irin haka. Zanen nutson dai ya ɗan dame ni. Walda tsinke-tsinke take yi, ta ciza ta saki, ta ciza ta saki. Wannan kuwa faɗuwa ɗaya ce mai zurfi, sannan wutar ta rarrafo sama cikin daƙiƙa huɗu, sak yadda babbar mota ta inji ke yi in za ta tashi. Sai na tuna tsohon yana da wani injin yankan ƙarfe a gefe, na ce shi ne. Na rubuta rahoto, Oga ya sa hannu, ranar Litinin kamfanin wuta ya zo ya yanke wa tsohon layi.

Ranar Laraba ina gaban madubi ina naɗa ɗankwalina ruwan zuma, na saka doguwar rigata baƙa mai aljihu biyu da nake zuwa aiki da ita, sai ga kiran Sista.

"Injiniya, an yanke wa tsoho wuta, ko?"

"An yanke, Sista."

"To jiya sun tsaya, yau ma sun tsaya. Yau kam na duba agogo saboda ke. Bakwai saura minti biyar."

Ko shayin da Umma ta haɗa min ban kalla ba, na zura takalmin aiki na fita. A ofis na ciro akwatin daga kabad, na kunna, na ɗora wayata a gefensa. Wayata ta ce tara da minti ashirin. Akwatin ya ce goma da rabi.

Na shiga uku.

Dokar farko a aikinmu, wadda ake koya wa ɗan koyo a satinsa na farko: kafin ka maƙala akwati, ka haɗa shi da kwamfuta ka daidaita agogonsa. Ni na sha koya wa wasu. Amma ranar da na je maƙalawa, ina tsugune a ɗakin mita da waya tsakanin kunne da kafaɗa, Mai Ƙanƙara yana shagon labule yana tambayata ruwan madara ko ruwan ƙasa. Ina dariya ina ce masa ashe ma ya san kala, na rufe murfi na tashi. Agogon ya yi gaba da awa ɗaya da minti goma, ban duba ba.

Na zauna na cire awa ɗaya da minti goma daga kowane layi. Takwas da biyar ta koma bakwai saura biyar. Takwas da sha huɗu ta koma bakwai da huɗu. Takwas saura uku ta koma bakwai saura sha uku. Na buɗe hirarmu da Mai Ƙanƙara a waya, don mutumin nan yana da wata ɗabi'a da nake ji da ita: yana danna maɓallin injinsa, kafin ya yi komai, ni yake fara turo wa saƙo.

6:55 "Giwa ta tashi. Injiniyata ta tashi kuwa?"

7:04 "Giwa ta tashi, yau mun makara. Ki ci abinci kafin ki fita, na san halinki."

6:47 "Giwa ta tashi. Mafarkinki na yi, kina min faɗa a kan waya mara kyau."

Kwana goma sha huɗu na jera su, minti bai saɓa wa minti ba. Akwai rana ɗaya da akwatin bai ga nutso ba, wadda na rubuta a gefenta wai ƙila tsoho bai sami aiki ba. Na duba saƙon ranar: "Bel ɗin Giwa ya tsinke, yau hutu. In zo in ɗauke ki?" Na kifa wayar a kan tebur na dafe kaina. Saƙonnin da nake karantawa ina murmushi a kan gado, ashe a daidai minti ɗin Sista ke gudu tsakanin gadaje shida.

Ban jira tashi daga aiki ba, na tafi masana'antar. Na same shi a ƴar ofis ɗinsa, cikin farar riga mai gajeren hannu da takalmin roba, ma'aikata na ta lodin ƙanƙara a waje. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, yau wace rana? Amarya da kanta?"

Na ajiye masa kwamfuta a gaba, na ajiye waya a gefe. Ban yi dogon bayani ba, don ba daƙiƙi ba ne. Ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya bi na uku, murmushin ya tafi.

"Ina na'urar da ke tada Giwa a hankali?" na ce. "Ka ce min ka sayo sabuwa."

Ya sosa ƙeya. "Cewa na yi na yi oda. Sun ce wata biyu, sun sake cewa wata biyu."

"Kenan tun wata uku kai tsaye kake haɗa ta?"

"Wa ya koya min haɗawar?"

A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba. Gaskiyarsa ne. Ranar da na'urar ta ƙone ya kira ni hankali a tashe, ƙanƙara na narkewa, ni ce na ce wa mai gyaransa ya cire wannan waya ya haɗa da waccan. Na ce na kwana biyu ne kawai. Har alfahari na yi ranar, ya ce ya yi sa'ar mata.

"Dole in gyara rahoton," na ce.

"Zauna tukuna. In kin gyara me zai faru?"

"Za a mayar wa tsoho wutarsa."

"Sai kuma me?"

Shi ya ƙarasa min. Za a yanke masa layi har sai na'urar ta iso, a tsakiyar zafin nan, da mutum goma sha biyu da ke ci a ƙarƙashinsa. Mai asibitin dama neman wanda zai kai kotu yake, tsohon ne ya ga ba shi da abin da za a kama. Ni kuma Oga zai ji abu uku a rana ɗaya: ban daidaita agogo ba, na ɓoye cewa mai masana'antar mijin da zan aura ne, kuma da bakina aka haɗa wayar. Wa zai yarda kuskure ne? Kowa cewa zai yi na ɗora wa talaka laifi don in kare saurayina.

"Ji nan," ya ce, ya matso da kujerarsa. "Daga gobe ƙarfe biyar zan riƙa tada ta, kafin su ɗora kowa a kan inji. Ba wanda zai sake cutuwa, na rantse miki. Da na san abin da take yi ke nan, da ban kwana da shi ba."

"Shi kuma tsohon?"

"Zan san yadda na yi da shi. Ki bari a wuce bikin nan, don Allah."

Abin da ya fi ci min rai, masu karatu, ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Idonsa ya yi ja da na ba shi labarin matar nan da aka zubar wa jini. Kuma ya cika alkawari: Alhamis da Juma'a da Asabar injinan asibiti ba su tsaya ba. Sista ta kira ta ce, "To, ko ma mene ne kuka yi, ya yi." Oga ya ce dama wani lokaci sai an ɗan jira kafin layi ya daidaita, har ya yaba min a gaban mutane. Ƙaryata ta zauna daram, ta sami ƙafafu huɗu, ba tare da na sake buɗe baki ba.

Umma kuwa ba a ɓoye mata fuska. Ranar Juma'a da yamma ta same ni a ɗaki zaune a tsakiyar kwalaye, ga tukwane sababbi a leda, ga zannuwan gado da Yaya ta aiko an jibge a kan kujera, ni kuma na zuba wa bango ido.

"Auta, faɗa kuka yi?"

Na faɗa mata komai, da Hausar da za ta gane. Ta saurara har ƙarshe tana ninke wani zanin gado da an riga an ninke.

"Yanzu marasa lafiyan sun sami lafiya?"

"Injin ya daina tsayawa."

"To alhamdu lillahi. Saura me?"

"Umma, tsohon fa? Kwana biyar rumfarsa a rufe."

"Allah zai buɗa masa. Shi yaron bai ce zai taimaka masa ba?" Ta ajiye zanin ta juyo sosai. "Ki dube ni nan. Maneminki na farko ya gudu ya ce ba zai auri mai yawo cikin maza da hular kwano ba. Na biyu uwarsa ta ce kin yi boko da yawa. Na ci kuka na ƙoshi a ɗakin nan ba ki sani ba. Yanzu Allah ya kawo wanda ke alfahari da aikin naki, shi ne za ki ɗauki aikin ki rusa shi da shi? An raba kati, Auta. Kawunki ya sanar da mutane. Da wane ido zan kalli uwarsa?"

"Sunana ne a ƙasan takardar, Umma."

"Sunan ubanki ne, Allah ya ji ƙansa. Kuma shi za a zaga in aka fasa." "Sati uku kawai na roƙe ki. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Ƙarya ne, ta sha roƙona abubuwa, amma ban taɓa ganin haɓarta na rawa haka ba. Na ce to. Wallahi na ce to. Gyararren rahoton yana cikin kwamfutata, shafi huɗu, na rubuta shi tun Laraba. Kullum sai na buɗe, in karanta, in gyara waƙafi ɗaya, in rufe. In zan tafi ofis sai in ce wa mai mota ya bi ta babban titi, don kar in ga rumfar kwanon nan da kwaɗo a ƙofarta.

Yau Lahadi, bayan la'asar, Mai Ƙanƙara ya zo gaida Umma. Ya sha shuɗin yadi mai guga har yana ɗaukar ido, ga turare, ga ledar lemo da ayaba. Umma ta sa na canza kaya sau biyu, ta ce na farkon ya sa na yi kama da mai zaman makoki. Na fito cikin doguwar riga ruwan hoda da mayafi fari, na zuba masa shayi a kofunan baƙi masu bakin zinare. Muna falo mu uku, fanka na juyawa, Umma na ba shi labarin yadda na taɓa kwance rediyon Abba ina ƴar shekara bakwai, sai muka ji sallama a ƙofa.

Ni na je. Tsoho ne dogo, siriri, da wankakkiyar riga da ta sha jiki, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, daga nesa, da gilashin walda a fuska. Amma na gane shi.

"Nan ne gidan su Injiniya? Sista ce ta yi min kwatance."

"Ni ce, Baba. Shigo."

Ya cire takalmi ya jera su a gefe. Ya ƙi hawa kujera sai da Umma ta matsa, sannan ya ɗosana a bakinta. Suka gaisa da Mai Ƙanƙara, har ya ce, "A'a, maƙwabci, kai ma nan kake?" Ban san me Mai Ƙanƙara ya amsa ba, kunnena ƙara yake. Na shirya wa zagi. Na shirya wa Allah ya isa. Da ya yi min su ma da na ji daɗi.

"Ƴata, ba ƙara na kawo ba," ya ce. "Kin yi aikinki, Allah ya yi miki albarka. Shekara talatin da ɗaya ina walda a bakin layin nan. Da aka buɗe asibitin ni na yi musu ƙofa da tagogi. Ban taɓa sanin in na kunna injina wani bawan Allah ne ke wahala a ciki ba. Da aka karanta min takardarki, kwana biyu ban iya shiga masallacin layin ba don kunya."

Umma ta ce, "Ayya, Baba, ai ba da gangan ba ne."

"Ko ba da gangan ba, Hajiya, jini ne. An ce akwai wata baiwar Allah da aka zubar wa nata." Ya goge ido da bakin hularsa. "Na yi magana da masu gwangwan, gobe da safe za su zo su kwashe injinan, su fasa. Ba zan sayar wa wani ya je ya cuci wasu ba. Abu ɗaya na zo roƙo. Ki raka ni wurin matar nan in nemi gafararta. Ni ban iya bayanin wuta ba, ke za ki faɗa mata yadda aka yi, ni kuma in durƙusa."

Na ji ƙafar Umma a kan tawa a ƙarƙashin tebur, tana dannawa a hankali. Na ɗaga ido na kalli Mai Ƙanƙara. Bai girgiza min kai ba, bai yi min alama ba, kofinsa kawai yake kallo.

"Ƙarfe nawa za ki samu dama, ƴata?" in ji tsohon. "Ko bayan sun kwashe kayan ne, ni yanzu ba ni da abin yi."

Umma ta ƙara danna ƙafata har sai da na ji zafi. Na zare ta a hankali.

"Baba, ka kira masu gwangwan ka ce kar su zo."

Ya dube ni bai gane ba.

"Ba kai ba ne. Ba injinka ba ne, bai taɓa zama shi ba. Ni ce na yi kuskure."

"Auta!" in ji Umma.

Tsohon ya daɗe yana kallona. Ya sauke hular daga fuskarsa ya ɗora a gwiwa, ya shafa ta sau biyu.

"To in ba ni ba ne, ƴata," ya ce, "wane ne?"

Mai Ƙanƙara ya ajiye kofinsa a kan faranti, ya ɗago ya kalle ni, shi ma yana jira ya ji abin da zan ce.